Jingar Turanci: a ba yaro amsa, ko a sa shi ya nemo ta?

Maman Fadila:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga malamai da kuma iyayen da suka riga mu gogewa a wannan harka. Idan yaro ya zo gida da jingar Turanci, musamman ta nahawu da ta auna fahimta, ina ne iyakar taimakon da ya dace babba ya yi masa? 'Yata tana iya karanta labarin da aka ba su da babbar murya tiryan-tiryan, ba gargada, amma da zarar an gangaro kan tambayoyin da ke ƙarƙashinsa sai ta tsaya cik. A ɓangaren nahawu kuwa, idan na ce mata "is" za ta sa a gurbin da aka bari, za ta rubuta, amma gobe idan irin tambayar ta dawo da wasu kalmomi sai ta maimaita kuskuren jiya. Sau da yawa na san amsar, kunnena ne yake gaya mini, dalilinta ne ba na iya bayyanawa. Shin in ci gaba da faɗa mata amsa, ko in bar ta ta kai wa malaminta abin da ta iya ko da ba daidai ba ne?

Alhaji Tanimu:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ni a ganina ana tsananta wannan magana fiye da kima. Yaro yana koyon harshe ne ta hanyar jin daidai da ganin daidai, har abin ya zauna masa. Idan kin faɗa mata amsar da ta dace ta rubuta da hannunta, ai ta ga daidai ke nan, kuma yau da gobe za ta riƙe. Mu da muka koyi Hausa, wa ya zaunar da mu ya yi mana bayanin dalilin da ya sa ake cewa "ta tafi" ga mace? Ban da haka, uba ko uwa sun dawo a gajiye, yaro yana gyangyaɗi, jinga kuma dole a kai ta da safe. Ba kowane gida ne yake da sararin mayar da tambaya goma darasi goma ba.

Malam Isiyaku:
Alhaji, ranka ya daɗe, akwai gaskiya a maganarka ta fuskar gajiya da ƙarancin lokaci, amma kwatancen da ka yi da koyon Hausa bai zauna ba. Yaron da ya taso cikin harshe yana jin sa daga safe har dare, shekara da shekaru, kafin wani ya nemi ya rubuta jimla ɗaya. Ɗalibin da yake haɗuwa da Turanci a aji da cikin littafi kawai ba shi da wannan gatan, saboda haka amsa guda da aka jefa masa da daddare ba za ta maye gurbin dubban jimlolin da bai ji ba.

Abin da nake so iyaye su lura da shi, bayan shekarun da na yi ina koyar da wannan darasi, shi ne jinga saƙo ce daga ɗalibi zuwa ga malami. Ta cikinta malami yake gane inda darasinsa ya shiga da inda ya wuce ta saman kai. Idan littattafai suka dawo duk amsoshi daidai domin manya sun yi aikin, malami zai ɗauka an gane, ya wuce babi na gaba, yaron kuma ya ci gaba da ɗaukar gurbin da ba a cike ba har ranar jarrabawa, ranar da babu mai raɗa masa komai.

Ga Maman Fadila, ba sai kin haddace dokokin nahawu ba kafin ki taimaka. Mu ɗauki irin tambayar da kika ambata. A ce an rubuta: "The box of pencils ___ on the table", a zaɓa tsakanin "is" da "are". Yawancin ɗalibai za su zaɓi "are", domin idonsu ya faɗa kan "pencils", kalmar da take maƙwabtaka da gurbin, kuma jam'i ce. Maimakon ki ce mata ta yi kuskure, ki tambaye ta: mene ne yake kan teburin, a faɗar jimlar? Idan ta ce fensira, ki ce ta rufe "of pencils" da ɗan yatsa ta karanta abin da ya rage. Za ta ga "The box ___ on the table", akwati ɗaya, kuma da bakinta za ta ce "is". Abin da ta koya a nan ya wuce wannan tambaya ɗaya, domin ta gano cewa aikatau, kalma irin su "is" da "are", yana bin aikau ne, wato abin da ake magana a kansa, ko da an cusa kalmomi biyar a tsakaninsu. Da wannan ɗan yatsan za ta warware "One of the boys is absent" da "The price of these books has gone up" ba tare da kowa ya tsaya a kanta ba.

Sadiya A.:
Allah ya gafarta Malam, na ji daɗin wannan bayani, domin ni nake duba wa ƙanena jingarsa. Sai dai akwai inda dabarar rufewa da yatsa take ƙi mini. An ba shi "Neither the teacher nor the students ___ ready", aikau biyu ne a nan, ɗaya tilo ɗaya jam'i, wanne za a rufe? Haka kuma na taɓa ganin "The committee have" a wani rubutu, alhali an koya mana "The committee has". Wanne ne daidai?

Malam Isiyaku:
Madalla da tambaya, 'yata. A jimlar da aka haɗa da "neither ... nor" ko "either ... or", dokar da ake koyarwa ita ce aikatau ya bi wanda ya fi kusa da shi. Saboda haka "Neither the teacher nor the students were ready", idan kuma aka juya su sai a ce "Neither the students nor the teacher was ready". Ki sa ƙanenki ya juya jimlar da kansa ya ga yadda aikatau ya canja, wannan ya fi a karanta masa dokar sau uku. Amma ki ja kunnensa game da "as well as" da "together with", domin su ba sa cikin wannan layi. Abin da ya biyo bayansu ƙari ne kawai, ana rufe shi da yatsa kamar dai "of pencils": "The teacher, as well as the students, was ready."

Game da "committee" da 'yan'uwansa irin su "team" da "family" da "government", abin da kika gani ba kuskure ba ne. A Turancin Ingila ana ɗaukar su tilo idan ana nufin ƙungiyar a dunƙule, a ɗauke su jam'i idan ana nufin mutanen da ke ciki, yayin da Turancin Amurka ya fi karkata ga tilo. A tambayar jinga, a duba ko jimlar da kanta ta ba da haske: idan an ce "its decision" to "has" ake nema, idan an ce "among themselves" to "have". Kalmomin da ba su da wannan sassauci su ne ya kamata a haddace, kuma ba su da yawa: "police" kullum jam'i ce, "news" da "mathematics" kullum tilo ne duk da harafin da ke ƙarshensu, sannan "advice" da "furniture" da "information" da "luggage" ba a yi musu jam'i.

Malama Rabi:
Ina so in koma kan rabin farko na tambayar Maman Fadila, domin a ganina shi ne ya fi nauyi, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Yarinyar da take karatu ba gargada amma ba ta iya amsa tambaya ba ta da matsalar haɗa baƙi. A shekarar 1986 masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, sun bayyana fahimtar karatu a matsayin sakamakon abubuwa biyu da ake ninka ɗaya da ɗaya: iya mayar da rubutu zuwa furuci, da kuma fahimtar harshen kansa. Tunda ninkawa ake yi, idan ɗayan ya yi ƙasa sosai sakamakon ma ƙasa zai yi, komai ƙarfin ɗaya ɓangaren. Abin da ya rage wa 'yarki shi ne na biyun, kuma sa ta ta sake karanta labarin da ƙarfi sau biyar ba zai taɓa shi ba.

Bari in kawo ɗan gajeren matani da na tsara domin mu ga inda yara suke tuntuɓe:

"When the rains failed for the second year, the farmers who had borrowed money to buy seed could hardly repay it. Few of them blamed the lender. They sold what they had and waited."

Jimla uku ne kacal, kuma babu wata doguwar kalma mai ban tsoro a ciki. Amma a tambayi ɗalibi ko manoman sun iya biyan bashin cikin sauƙi, sai ya ce sun yi aiki tuƙuru sun biya, domin ya ɗauka "hardly" 'yar'uwar "hard" ce, alhali ma'anarta da ƙyar, ko kusan ba su iya ba. A tambaye shi ko sun zargi mai ba da bashin, sai ya ce e, waɗansu sun zarge shi, ya manta cewa "few" ba tare da "a" a gabanta ba tana jaddada ƙaranci ne, abin da marubucin yake nufi shi ne galibinsu ba su zarge shi ba. A tambaye shi me "it" take wakilta, sai ya ce iri, saboda "seed" ce ta fi kusa, bai tsaya ya tambayi kansa ko iri ake biya ko kuɗi ba. Sannan akwai tambayar da amsarta ba a rubuce take ƙarara ba: yaya daminar bara ta kasance? Babu jimlar da ta ambaci bara, amma "for the second year" ta riga ta gaya mana cewa bara ma ruwa bai zo ba.

Ku lura cewa duk waɗannan ramuka suna cikin ƙananan kalmomi ne, waɗanda yaro yake tsallakewa domin yana ganin ya san su. Saboda haka abin da nake roƙon duk mai taimaka wa yaro shi ne abu ɗaya: kowace amsa ya bayar, daidai ce ko kuskure, a ce masa ya ɗora yatsa a kan layin da ya samo ta. Idan ya nuna layin da ya dace amma ya fassara shi a karkace, matsalar kalma ce, sai a buɗe ƙamus tare. Idan ya nuna wani layi dabam, tambayar ce bai gane ba, sai a koma kanta. Idan kuwa ya kasa nuna ko'ina, to daga kansa ya ƙago amsar, ko daga abin da ya sani a waje, wanda shi ne babban abin da yake cinye wa ɗalibai maki a wannan ɓangare.

Alhaji Tanimu:
Malama, na karanta bayaninki har ƙarshe, kuma ban musa ba cewa hanya ce mai kyau ga wanda ya san bambancin "few" da "a few". To iyayen da Turancinsu bai kai nan ba fa, ko waɗanda ba su yi boko ba sam? Su ne mafi yawa. Idan taimako sai mai ilimin malami, ashe mun bar yawancin yara ba mai taimako ke nan.

Malama Rabi:
Alhaji, ko wanda bai san harafi ɗaya na Turanci ba yana da abin yi a nan, kuma ba ƙarami ba ne. Ya ce wa yaron ya rufe littafin ya ba shi labarin da Hausa: su wa ake magana a kansu, me ya same su, me suka yi, me ya biyo baya. Babba ya san yadda labari mai kai da gindi yake, saboda haka idan yaron ya ce manoman sun biya bashinsu lafiya sannan suka sayar da kayansu, uban da bai taɓa shiga aji ba zai ce, to me ya sa suka sayar da kaya idan sun biya? Wannan tambaya kaɗai za ta mayar da yaron cikin littafin ya gano cewa akwai abin da ya karanta a baibai. A 1984 Annemarie Palincsar da Ann Brown sun gwada wata hanyar koyar da fahimta da ta tsaya a kan abubuwa huɗu: taƙaita abin da aka karanta, ƙirƙiro tambaya a kansa, fayyace inda ya shige duhu, da hasashen abin da zai biyo baya. Uku daga cikin huɗun nan hira ce kawai, ana iya yin ta da kowane harshe.

Malam Nura:
A gafarce ni, a nan na saɓa da Malama. Shigo da Hausa cikin darasin Turanci shi ne yake hana yara sakin jiki da harshen. Yaron da ya saba sai ya juya kowace jimla zuwa Hausa kafin ya gane ta zai riƙa tafiyar hawainiya a jarrabawa, kuma idan ya zo rubutu sai ya yi tunani da Hausa ya zuba da Turanci, a nan ake samun jimlolin da muke ja wa jan biro kullum. Ni ra'ayina, ko da kame-kame ne, ya ba da labarin da Turanci.

Malam Isiyaku:
Malam Nura, abokin aiki, matsalar da ka hango gaskiya ce, amma maganin da ka kawo ba zai kore ta ba. Hana yaro furta Hausa ba ya hana shi tunani da ita, yana ɓoye tunanin ne kawai daga idon mai gyara. Ni na fi ganin amfanin a fito da bambancin harsunan biyu fili, domin kurakuran ɗaliban da Hausa ce harshensu na farko ba barkatai suke ba, suna da tushe, kuma idan yaro ya ga tushen yakan daina.

Dubi "My brother he went to school". Yaron da ya rubuta wannan ba sakarci ya yi ba. A Hausa ba ka cewa "Yayana tafi", dole ka ce "Yayana ya tafi", wakilin sunan nan shi yake ɗauke da lokaci, ba a zubar da shi. Turanci kuwa yana sa lokaci a jikin aikatau, saboda haka "he" ta zama kaya biyu a wuri ɗaya. Dubi kuma "I have seen him yesterday", wadda nake jin babu malamin Turancin da bai gyara ta ba har ya gaji. Muna cewa "na gan shi" mu kuma ce "na gan shi jiya" da siga ɗaya, amma Turanci ya raba: idan an ambaci lokacin da ya shuɗe ya rufe, kamar jiya ko bara ko 2019, sai "I saw him". Idan ba a ambaci lokaci ba, ana maganar abin da tasirinsa yake nan har yanzu, sai "I have seen him". Haka "since three years", wadda ta fito kai tsaye daga "tun shekara uku". Turanci yana amfani da "since" ga mafarin lokaci, "since Monday", "since 2020", yana amfani da "for" ga tsawonsa, "for three years". Akwai kuma yaron da zai ce da mota "she" da littafi "he", domin a wurinmu kowane suna tilo ko namiji ne ko mace.

Idan aka ce wa yaro kawai wannan kuskure ne, zai gyara a wannan shafin. Idan aka nuna masa cewa Hausarsa ce ta leƙo ta cikin Turancinsa a daidai wannan gaɓa, zai fara tsare gaɓar da kansa. Inda na yarda da kai shi ne, bayan an tabbatar ya gane da Hausa, amsar da zai rubuta ya gina ta da Turanci daga kalmomin tambayar, kada ya tsara ta da Hausa sannan ya bi ta kalma bayan kalma.

Malam Nura:
A kan wannan sharaɗi na ƙarshe ba mu da saɓani. Amma ina nan a kan cewa ɗaliban manyan azuzuwa ya kamata a yaye su daga wannan, su riƙa taƙaita sakin layi da Turanci kai tsaye, domin abin da za a nema daga gare su ke nan.

Maman Fadila:
Allah ya saka wa kowa da alheri, na ƙaru ƙwarai. Akwai wata irin tambaya da take zuwa a ƙarƙashin labarin wadda ni kaina ba na gane abin da ake nema: a ɗauko wani yanki a ce a faɗi sunansa a nahawu da kuma aikinsa a jimla. Sannan ga wadda ake cewa a kawo wata kalma da za ta maye gurbin wadda aka ja wa layi. A nan 'yata takan buɗe ƙamus ta kwafi ma'anar farko, malami kuma ya soke.

Malama Rabi:
Mu yi amfani da matanin manoman nan, Maman Fadila. A ce an ɗauko "who had borrowed money to buy seed". Tambaya ta farko da za ki sa ta yi wa kanta ita ce, akwai aikatau mai ɗauke da lokaci a cikin yankin? Akwai, "had borrowed", saboda haka ganga ce, abin da suke kira "clause". Da babu, da ya zama "phrase". Tambaya ta biyu, wane aiki yankin yake yi? Yana gaya mana waɗanne manoma ake nufi, wato yana siffanta suna, saboda haka amsar ita ce "adjectival clause", wasu littattafan su ce "relative clause", aikinsa kuma siffanta "farmers". Idan aka ɗauko "When the rains failed for the second year", shi ma ganga ne saboda "failed", amma yana amsa tambayar yaushe, saboda haka "adverbial clause of time" ne, yana ƙarin bayani a kan aikatau "could repay". Nau'i na uku shi ne "what they had" a jimlar ƙarshe. Me suka sayar? Abin da suke da shi. Yankin ya zauna a mazaunin suna, ana iya cire shi a sa "it" ko "everything" jimla ta tsaya, saboda haka "noun clause" ne, karɓau na "sold", wato abin da aikin sayarwar ya faɗa a kansa. Inda ɗalibai suke asarar rabin makin shi ne su faɗi suna su ce aikinsa siffantawa, ba tare da sun ambaci takamaiman kalmar da ake siffantawa ba.

Game da maye gurbi, sharaɗi biyu ne. Kalmar ta dace da ma'anar da ake nufi a wannan jimlar, kuma ta zo da siga iri ɗaya. Idan an ja layi a ƙarƙashin "blamed", amsa "accused" ce. Wanda ya rubuta "accuse" ko "accusing" ya san ma'ana amma ya faɗi, domin ba za ta zauna a gurbin ba. Ki sa ta riƙa cire tsohuwar kalmar ta sa sabuwar ta karanta jimlar gaba ɗaya. Ƙamus kuma a karanta dukan ma'anonin da ya jero tare da misalansu, domin "failed" ta ruwan sama ba ita ce ta faɗuwa jarrabawa ba, kuma ba lallai ba ne ma'anar da ake nema ta zama ta farko a jeri.

Wani abu da ya kamata iyaye su auna shi ne yawan baƙin kalmomi a cikin labarin. Binciken Marcella Hu da Paul Nation na shekarar 2000 ya nuna cewa mai koyon Turanci yana bukatar sanin kimanin kashi 98 cikin ɗari na kalmomin matani kafin ya fahimce shi sosai ba da taimako ba, wato baƙuwar kalma ɗaya cikin hamsin. A labari mai kalma 300, shida ke nan. Idan kika sa ta ja layi a ƙarƙashin waɗanda ba ta sani ba kika ga sun kai talatin, babu dabarar amsa tambaya da za ta cece ta a daren nan. A irin wannan hali ki bayyana mata kalmomin kai tsaye idan kin san su, ki kuma sanar da malaminta, sannan a nemo mata littattafan labarai masu sauƙi da za ta riƙa karantawa don nishaɗi, domin ta nan kalmomi suke taruwa.

Alhaji Tanimu:
To ashe akwai inda ake faɗa wa yaro kai tsaye, ba kullum ake mayar masa da tambaya ba. Wannan nake so a fito da shi, domin na ga iyayen da suke tsare yaro da "me kake gani?" a kan abin da ba shi da hanyar sani, har ya fashe da kuka.

Malam Isiyaku:
Haka ne, Alhaji, kuma iyakar a bayyane take. Abin da yaro zai iya ganowa da tunani ko da komawa cikin matani, a bar shi ya gano. Abin da al'adar harshe ce kawai, a faɗa masa. Babu tunanin da zai kai yaro ga sanin cewa shuɗaɗɗen lokacin "go" shi ne "went", na "teach" kuma "taught", ko cewa ana cewa "interested in" da "good at" da "depend on". Waɗannan a gaya masa, ya rubuta su a bayan littafinsa, ya gina jimla tasa da kowace. Idan dare ya yi kuma saura tambayoyi, gara ya kai huɗu da ya yi da kansa da shida a buɗe, da ɗan rubutu daga uwa ko uba cewa a nan ya tsaya, da ya kai goma da hannun wani a ciki.

Sadiya A.:
Malam, saura abu ɗaya. Ƙanena ya gano cewa zai iya ɗaukar hoton shafin da waya ya ba ChatGPT ko makamancinsa, amsoshi su fito cikin daƙiƙa. Na hana shi, amma na san ranar da ba na nan zai yi. Akwai hanyar da za a yi amfani da irin waɗannan manhajoji ba tare da sun zama masu yi masa aikin ba?

Malam Isiyaku:
Akwai, idan an kiyaye jerin. Ya fara rubuta amsarsa da biro, ya nuna layin da ya dogara da shi kamar yadda Malama Rabi ta ce, sannan ya ba manhajar amsarsa ya nemi ta gaya masa ko akwai kuskure da dalilinsa, ba tare da ta ba shi gyararriyar amsa ba. Zai iya kuma neman ta tsara masa sababbin jimloli biyar a kan dokar da ta ba shi wahala, wanda aiki ne da take yi da kyau. Ya sani cewa tana yin kuskure, kuma tana iya bin Turancin Amurka a inda littafin makarantarsa yake bin na Ingila, kamar "color" a maimakon "colour", saboda haka idan ta saɓa da littafin, ya kai maganar gaban malaminsa. Ke kuma hanyar gane ko shi ya yi aikin mai sauƙi ce: ki zaɓi amsa ɗaya daga cikin jingar, ki canja aikau daga tilo zuwa jam'i ko ki mayar da "yesterday" ta zama "since Monday", ki miƙa masa biro ya gyara sauran jimlar a gabanki.